Daga Wuyan Kwalba Zuwa Gwangwanin Kifi: Tarihin Kayan Bolar Da Suka Sa Jita Kuka

Yau za mu ɗan huta da maganar saitin waya da rage cin data. Wata fasaha za mu duba wadda babu batir a cikinta, ba ta neman caji, kuma kayan haɗa ta na nan zube a bayan shagon bakanike ko cikin buhun 'yan gwangwan. Ka daure ka karanta har ƙasa, don labarin zai zaga da kai Amurka da tsibiran Hawai kafin ya dawo ya sauka a cikin garin Sakkwato.

Na san ka taɓa jin sautin ko da ba ka san sunansa ba. A finafinan Amurka, in an nuno dogon titi fayau babu kowa, sai ka ji jita tana jan sauti kamar mai kuka, ta hau a hankali ta sauko a hankali. Makaɗin ya zura yatsansa ne cikin guntun kwalba ko bututun ƙarfe, yana zamar da shi a kan tsirkiyoyin jitar. Turawa na kiran abin silaid. Mu bari mu ce masa 'yar zamiya.

Ga yadda take aiki. Kowace tsirkiya, ta jita ce ko ta gurmi, tsawon ɓangaren da ke karkarwa shi ke yanke irin sautin da za ta bayar. Ka rage tsawon, sauti ya yi sama. A wuyan jita an gindaya 'yan ƙarafa kamar matakalar bene, guda 12 daga sama zuwa tsakiyar tsirkiya. In ka danna, dole sautin ya tsaya kan mataki ɗaya, ba shi da ikon tsayawa tsakanin biyu. To muryar ɗan Adam ba haka take ba. Saurari maroƙi in yana kirari, ko uwa in tana rarrashin jariri, za ka ji murya na sulalewa daga wannan sauti zuwa wancan babu tsalle. Kwalbar nan ita ce ke zama matakin da ke tafiya: duk inda ka tsayar da ita nan tsirkiya ta ƙare, ko da tsakanin matakai biyu ne.

Mu wannan matsala ba ta taɓa damun makaɗanmu ba. Goge da kukuma ba su da matakai ko ɗaya. Mai kukuma ba ya ma danne tsirkiya har ta taɓa sanda, taɓa ta kawai yake da yatsu, shi ya sa in ka kunna Garba Supa ko Hassan Wayam sai ka rantse kukumar magana take. Kuma dole ta yi, tunda Hausa harshe ne mai karin sauti, kayan kiɗan da ba ya iya bin hawa da saukar magana bai cika amfani ga mawaƙi ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi ya faru a 1903, a tashar jirgin ƙasa ta wani ɗan gari mai suna Tutwiler a jihar Misisipi. Wani makaɗi baƙar fata da ya yi karatun kiɗa, W. C. Handy, yana jiran jirgin da ya yi latti na sa'o'i, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Abin da ya tashe shi wani mutum ne cikin tsummokara, zaune kusa da shi yana kaɗa jita, yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin. Handy ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1941, ya nuna bai taɓa jin kiɗa mai ban al'ajabi kamar wannan ba. Shi Handy ya yi suna har ana masa laƙabi da uban kiɗan buluz. Mai wuƙar kuwa ko sunansa bai ambata ba.

Ina wannan bawan Allah ya samo dabarar? Sai mun koma baya kaɗan. A 1739 bayi suka yi tawaye a Stono, cikin Karolina ta Kudu, shekara ta zagayo a 1740 aka kafa doka mai tsanani wadda a ciki aka hana bayi mallakar ganguna da ƙaho, don iyayen gidansu sun gane ana aika saƙo da su. Da ganga ta yi wuya, kayan tsirkiya suka samu fili. Banjo da Amurkawa ke tinƙaho da shi yau, asalinsa ƙwarya ce da fata da sanda, ɗan uwan gurmi da molo na jini. Bayan an soke bauta a 1865 talauci bai tafi ko'ina ba. Jikokin bayi suka ci gaba da noman auduga a gonakin wasu, kuɗin jita ya fi ƙarfin yawancinsu. Sai yara suka riƙa warware wayar da ake ɗaure tsintsiya da ita, su kafa ƙusa biyu a bangon katakon gidansu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su ja wayar tsakani, su cusa kwalba ko dutse ƙarƙashinta don ta ɗaure tamau. Hannu ɗaya na bugun waya, ɗayan na zamar da kwalba. Bangon gidan gaba ɗaya ya zama ƙwaryar kiɗan. Ana kiran wannan abu didili bo, kuma manyan makaɗa da dama a kansa suka fara.

Masu bincike, ciki har da Gerhard Kubik ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya fitar da littafi kan Afirka da buluz a 1999, sun nuna cewa akwai irin wannan wasan yara a tsakiyar Afirka. Ana ɗaga ɓawon gwangwalar tukurwa ya zama tsirkiya, yaro ɗaya na bugawa da tsinke, wani na zamar da ƙoƙo ko wuƙa a kai. Ita kuwa muryar buluz, da yadda mawaƙi ɗaya ke jan baiti yana karya murya, kayan tsirkiya na amsa masa, Kubik ya fi danganta ta da yankinmu na Sahel. Har ya ɗauko kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru a shekarun 1960, ya jera shi da wani faifan Big Joe Williams na shekarun 1930 wanda aka yi da goge mai tsirkiya ɗaya, ya nuna kamannin da ke tsakani.

Amma fa a yi hattara. Kada wani ya je majalisa ya ce Bahaushe ne ya ƙirƙiro buluz. Hausawan da aka tsallakar a bauta, an fi samun labarinsu a Bahia ta ƙasar Birazil, inda suka yi ta tawaye tun daga 1807. Abin da ya isa Misisipi gaurayen al'adu ne na ƙabilu masu yawa, kuma can ya nuna, cikin wahalar can. Dangantaka dai akwai ta, kunne ma na shaida, sai dai ba ta uba da ɗa ba ce.

Akwai kuma reshe na biyu wanda ba ruwansa da Afirka. A tsibirin Oahu na Hawai, wajen 1889, wani yaro ɗan makaranta mai suna Joseph Kekuku ya fara kwantar da jita a cinya yana zamar da ƙarfe a kai. Ruwayoyi sun saɓa kan abin da ya fara gwadawa, wasu sun ce wani ƙarfe ne da ya tsinta a gefen layin dogo, wasu sun ce matajin kai ne ko wuƙa. Abin da aka yarda da shi shi ne daga baya ya ƙera ɗan sandan ƙarfe mai santsi, ya ɗaga tsirkiyoyin sama kaɗan daga wuyan jitar. Ya tsallaka Amurka a 1904, sannan bayan babban baje kolin San Francisco na 1915 kiɗan Hawai ya zama yayi a ƙasar baki ɗaya. Makaɗan Hawai sun yi ta yawon wasa har kudancin Amurka, don haka wuƙar Misisipi da ƙarfen Hawai sun haɗu sun gauraya, har yau masana na gardamar wanne ya fi tasiri kan wanne.

Ga abin da ya kamata mabiyin shafin fasaha ya sani: jitar lantarki ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwa, ta 'yan zamiya ce. Matsalar makaɗan Hawai ita ce sauran kayan kiɗa na danne musu sauti a dandali. George Beauchamp da Adolph Rickenbacker a Los Angeles suka naɗa siririyar waya a jikin maganaɗisu, suka sa ƙarƙashin tsirkiyoyi, karkarwar ƙarfen ta koma lantarki, lantarkin ya tafi lasifika. A 1932 suka fara sayar da ita. Jikinta ɗan kewayayye ne na alminiyam da dogon wuya, shi ya sa aka yi mata laƙabi da kaskon suya.

A ɓangaren buluz, Sylvester Weaver ne ya fara shigar da wannan salo faifai a 1923. Amma wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Blind Willie Johnson, makaho mai wa'azi a titunan Texas. A Disamban 1927 ya naɗa wani kiɗa mai suna Dark Was the Night, Cold Was the Ground, babu kalma ko ɗaya a ciki, nishi ne kawai da kukan jita, kuma an ruwaito da wuƙar aljihu yake kaɗawa. Ya mutu a 1945 cikin talauci, bayan gidansa ya ƙone ya rasa wurin kwana sai kufan. Shekara 32 bayan haka, a 1977, da hukumar NASA za ta harba kumbunan Voyager guda biyu, ta liƙa wa kowanne faifai mai ruwan zinare ɗauke da sautukan duniya, ko wata halitta za ta tsinta wata rana. Aka zaɓi kiɗa 27, na makahon nan na ciki. Akwai gaisuwa cikin harsuna 55, kuma abin haushi Hausa ba ta ciki. Voyager 1 yanzu ya haura kilomita biliyan 24 daga duniya, babu wani abu da ɗan Adam ya ƙera da ya kai shi nisa.

Sauran sai mu bi su da sauri. Elmore James a kan wayar bango ya koyi kiɗa, daga baya ya yi aiki a shagon gyaran rediyo a garin Canton, inda ya riƙa taɓa na'urorin ƙara sautinsa har ya samu wata irin tsawa da ta fito a faifansa na 1951. CeDell Davis shan-inna ta kama shi yana yaro ta nakasa masa hannuwa, yatsunsa suka kasa danna tsirkiya, sai ya juya jitar ya ɗauki wuƙar cin abinci, da ita ya yi sana'a har ya mutu a 2017. Lowell George na ƙungiyar Little Feat kuwa soket ɗin kwance fulogin mota yake sawa a yatsa. Duane Allman yana kwance ba lafiya ƙaninsa Gregg ya kawo masa kwalbar maganin mura mai suna Coricidin da wani faifai. Ya zazzage ƙwayoyin, ya wanke takardar jikin kwalbar, ya zura yatsa. Ya mutu a haɗarin babur a 1971 yana da shekara 24, amma har gobe kamfanoni na ƙera kwafin wannan kwalbar maganin, babu magani a ciki, suna sayar wa makaɗa da daloli. Ka ji fa. Abin da talaka ya tsinta don ba shi da kuɗin saye, shi ne yau ake sa wa a kwali da lambar kamfani.

To mu dawo gida, don mu ma muna da namu gwanin, kuma a ganina bai gaza ko ɗaya cikin waɗancan ba. Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, an haife shi a Bukuru a 1946. Mene ne kuntiginsa? Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka soka sanda, aka ja tsirkiya ɗaya tal. Kakanninsa da ƙoƙo ake yi, da kifin gwangwani ya shigo kasuwa makaɗa suka ga gwangwanin bai fashewa, ga shi da amo mai kaifi, ga shi kyauta. Ɗan Maraya ba ya zamar da kwalba, da yatsu yake kiɗansa, amma tunanin ɗaya ne da na yaron Misisipi: me ke hannuna, wane sauti zan iya fitarwa da shi? Da wannan gwangwani ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata faɗa, ya zaga ƙasashen duniya, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yunin 2015. Wanda zai raina kuntigi don kayan bola ne, sai ya fara gwada riƙe taro na awa guda da tsirkiya ɗaya.

Ita kanta zamiyar ta dawo Afirka ta ƙofar gaba. A kudancin Najeriya King Sunny Ade ya shigar da jitar Hawai mai feda cikin kiɗan juju, Demola Adepoju ne ke kaɗa masa ita, kuma duniya ta ji ta a faifansa na 1982. A Mali, Ali Farka Touré wanda ya tashi da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya irin namu, ya haɗu da Ry Cooder, ɗaya daga cikin gwanayen kwalba na Amurka, suka fitar da Talking Timbuktu a 1994, ya ci kyautar Grammy. Nemo shi a YouTube ka saurara da abin kunne, za ka ji inda ƙwarya da kwalba suke gaisawa.

Yanzu ga rabon Sakkwato, wanda na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan a Gidan Igwai ko Mabera ko Runjin Sambo ba su taɓa ji ba. Akwai wani Ba'abzine daga yankin Tawa a Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar. Gidansu ba sa son harkar kiɗa, kuɗin jita kuma babu, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, a ɓoye ya koya wa kansa. A 2008 ya shigo Sakkwato ya naɗa kundinsa na farko mai suna Anar, cikin salon situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, da ganga ta kwamfuta da muryar da aka bi da Auto-Tune. Abin dariyar shi ne Auto-Tune kishiyar kwalba ce. Kwalba na cire wa jita matakai don ta yi kamar murya, ita kuwa manhajar tana tilasta wa murya hawa matakai har ta yi kamar na'ura.

Da farko kundin bai fita kasuwa ta hannun wani kamfani ba. Ta Bluetooth da memori ya yaɗu, daga waya zuwa waya, daga tasha zuwa tasha, irin turin da duk wanda ya riƙe 'yar Nokia ko 'yar Chana a wancan zamani ya sani. Har ya kai Kidal a arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ke kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya sa ɗaya daga cikin waƙoƙin a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a faifai a 2011, ya kuma sha wahala kafin ya gano mai waƙar, don fayil ɗin da ya zaga hannu dubu ba ya zuwa da lambar waya. Yau Mdou Moctar na cika dandali a Amurka da Turai, jaridunsu na sa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Duk inda aka rubuta tarihinsa, sunan Sakkwato na layin farko-farko.

In kana son ka ji abin da kunnenka, ba sai kana da jita ba. Samo katako mai tsawon kamu biyu, ƙusa biyu, wayar birkin keke ka warware sili ɗaya, da gwangwanin madara. Kafa ƙusoshin a bakin nan da bakin can, ɗaure wayar, tura gwangwanin ƙarƙashinta kusa da ƙusa ɗaya har ta yi tauri, ka sa ɗan guntun itace a ɗaya ɓangaren. Kawar da fuskarka lokacin da kake ja, waya in ta tsinke ido take nema.

'Yar zamiyar kuma, mutanen da suna naɗa zaren da aka jiƙa da kananzir a wuyan kwalba, su kunna, su tsoma cikin ruwan sanyi ta tsage. Ban ba ka shawarar wannan ba, rabin lokaci a karkace take fashewa. Ka nemi ƙaramar kwalbar magani ko ta turare mai miƙaƙƙen jiki wadda yatsanka zai shiga, ko ka je wurin bakanike ya ba ka tsohon soket, ko mai walda ya yanko maka guntun kan keke kamar santimita 6 zuwa 7. In an yanka, a goge bakin da samfefa, takardar nan mai kaushi ta kafintoci, har sai ya daina kama tsumma. Gilashi na ba da sauti mai taushi, ƙarfe na ba da mai kaifi da tsawo, roba kuwa ɓata lokaci ce, shanye sautin take.

Mai jita sai ya sauke manhajar saita tsirkiya irin GuitarTuna, ya saita su daga mai kauri zuwa siririya a kan D, G, D, G, B, D, yadda ko bai danna komai ba za su yi amo ɗaya mai daɗi. Sa kwalbar a ƙaramin yatsa ko na kusa da shi, ɗora ta daidai saman ƙarfen matakin, kada ka danna, nauyinta ya isa. In ka ji wani zuuu kamar ƙudan zuma na bin sautin, ɓangaren tsirkiyar da ke bayan kwalbar ne ke karkarwa, sai ka kwantar da manuninka a kansa a hankali ya yi shiru.